Totuwar Da Ta Nutse

Lahadi, 3 ga Fabrairu

Kai mai leƙen littafin tsohuwa, tunda ka buɗe sai ka biya. Ga kacici-kacici: ana haifarsa sau da yawa a wuni ɗaya, igiyar cibiyarsa tana maƙale da inji, bai taɓa kukan haihuwa ba. In ungozoma ta yi gaggawa, ba zai taka ƙasa ba. Mene ne? Ni Clorinda na ƙirƙire shi da kaina ina feren dankali. Kada ka tambayi Ercilia maƙwabciyata, kanta ba ya ɗaukar abin da ya wuce farashin ƙwai.

Jikokina biyu sun ci abincin rana a nan. Ni na raine su tun da uwarsu ta ƙetara Ajantina neman aiki ta manta hanyar dawowa. Froilán ne babba, shi ke shugabantar gonar kifin salmon da kamfani ya kafa a bakin tsibirinmu. Ƙaninsa Eladio mai nutso ne a can, aikinsa ya shiga keji ya kwaso matattun kifi daga gindin raga. Ɗaya yana ba da umarni a busasshen wuri, ɗaya yana kwasar gawa a jiƙe, amma in aka zo kan tukunyata duk bakinsu ɗaya.

Froilán bai bar mu mun ci da daɗi ba. Wai akwai wani tambari da kamfani ke nema, wanda ke shaida cewa kifinsu bai ɓata teku ba. Masu cin kifin a ƙasashen waje suna so su ci da kwanciyar rai. Masu dubawa za su zo ranar 22. In ba a samu tambarin ba, kamfani zai kwashe kejinsa ya yi kudu, rabin tsibirin nan ya koma kallon ruwa. An rage ba kifi magani saboda tambarin, ga ruwa ya yi ɗumi, kifi sai mutuwa yake. Masu nutso kuwa daga huɗu an mayar da su biyu.

"Kaka, ki yi wa yaron nan magana," in ji shi. "Ya shiga keji kaɗan sai ya ce ya isa. A hanyar fitowa ma sai ya rataye a igiya yana hutawa kamar ɗan sarki."

Eladio bai ɗaga kai daga kwano ba. Ya ce ba hutu ba ne, jini yake jira ya huce. Wanda ya yi ta shiga da fita ba tsayawa, jininsa kumfa yake yi kamar lemon kwalba da aka girgiza.

Na ce, "Iko sai Allah. Ashe lemo na raina."

Litinin, 4 ga Fabrairu

Marigayi mijina Baldomero ya yi nutson ɗebo ƙumba, irin dodon koɗin teku da muke ci, shekaru, da tiyon ban ruwa a baki da injin hura taya. Bai taɓa ratayewa a igiya ba. Ɗingishin da ya yi a ƙarshe sanyin ƙashi ne, kowa ya sani.

Laraba, 6 ga Fabrairu

Na samo wa Eladio suna! Ina zubar wa alade shara sai totuwar masara ta faɗa cikin bokiti. Na danna ta, ta taso. Na sake dannawa, ta sake tasowa. Na yi dariya ni kaɗai har alade ya daina ci.

Da yamma ya biyo ya gyara min ƙofar akurki. Na ce, "Sannu da aiki, Totuwa." Ya ce wace ce haka? Na kai shi gun bokiti na nuna masa. Ya yi murmushi, irin nasa na gefe ɗaya.

"Kaka, bakin nan naki ko kifi ya ji shi sai ya juya ciki sama."

"To ka ga na ƙara maka aiki," na ce.

A tsibirin nan ba wanda ke mutuwa da sunan da fada ya raɗa masa a coci. Rabin sunayen da ake kiran mutane da su daga bakina suka fito. Ana ce da wani Kujerar Coci, har takardar asibiti haka matarsa ta rubuta.

Asabar, 9 ga Fabrairu

Na gaya wa Ercilia, na ce kada ta gaya wa kowa. Kafin a kaɗa ƙararrawar yamma yara suna rera shi a bakin gaɓa.

Lahadi, 10 ga Fabrairu

Bayan coci Yasna matar Totuwa ta tare ni a gaban mutane. Yarinya mai siraran leɓe, ba ta taɓa yi min ba.

"Doña Clorinda, don Allah ki janye sunan nan. A wurin aiki ma shi ake kiransa."

Na ce ai suna ba akuya ba ne da zan ja shi da igiya in mayar gida. In ba ya so, ya nutse mana. Mata suka kwashe da dariya. Ta ce, "Ke kika yi jinyar mijinki, kin san abin da ruwa ke yi." Na ce mijina ya mutu da ƙafafunsa biyu, kuma bai taɓa turo mace ta yi masa faɗa ba.

Da ƙafafunsa biyu ɗin gaskiya ne. Ban dai ce suna aiki ba.

Talata, 12 ga Fabrairu

Iska ta juyo daga gona. Wari har cikin gado. Karnukan teku masu cin gawar kifi sun yi ƙiba sun kasa hawa dutse.

Alhamis, 14 ga Fabrairu

Froilán ya zo shan shayi. Idanu sun faɗa, wayarsa ba ta daina kuka ba. Manyansa a birni suna kiransa safe da yamma, me ya sa mutuwa ta ƙaru, me ya sa abinci ya tafi da yawa, me ya sa kifin bai yi nauyi ba. Na ce su sauko su tambayi kifin.

Ya roƙe ni in yi wa baƙin nan masu dubawa kuranto, girkinmu na ƙumba da nama da ake turarawa a rami, ranar da za su zo, wai suna so su ji ta bakin mutanen gari, su ga al'ada. Na ce ba na haƙa rami in gasa duwatsu don mutanen da ke cin abinci da cokali mai yatsu. Ya ce ba wanda ke yin kuranto kamar ni a duk tsibiran nan. To, gaskiya ya faɗa. Na yarda.

Kafin ya tafi ya ce ɗayan mai nutson ya ajiye aiki, kunnensa na zubar da jini. Saura Totuwa shi kaɗai, ga keji birjik. "In baƙi suka sa na'ura suka ga gawa a gindin raga, na gama yawo, Kaka."

Na ce ya bar min.

Lahadi, 17 ga Fabrairu

Totuwa bai zo cin abinci ba. Na aika masa da nasa a kwano, milkao uku, wainarmu ta dankali, da naman alade. A ƙasan milkao na kwantar da totuwa guda, na ɗaura mata ƙyalle ja a wuya kamar amarya. Na so a ce ina wurin da ya buɗe.

Litinin, 18 ga Fabrairu

A cikin jirgi ya buɗe, gaban ma'aikata duka! Ercilia ta ji daga ɗanta mai zuba wa kifi abinci. Wai har wani ya faɗa ruwa don dariya. Sun rataye totuwar a jikin injin iska. Shi kuwa ya cinye milkao ɗinsa, ya kwance ta ya sa a aljihu.

Kwanon bai dawo ba. Kwanona mai kyau ne.

Laraba, 20 ga Fabrairu

An tara duwatsu, an yanko ganye, an haƙa rami. Bayana kamar ba nawa ba. Wani dattijo mai ƙaramin jirgin ruwa, Don Arcadio, ya kawo min buhunan ƙumba daga can bayan tsibiri, don na gaɓarmu ba mai ci tun da keji suka zo. Wannan ba za a gaya wa baƙi ba.

Alhamis, 21 ga Fabrairu

Zan rubuta yadda aka yi, don gobe kowa zai faɗi nasa.

Da la'asar ina kirɓa dankali Totuwa ya shigo. Gashi a jiƙe, shatin gilashi a fuska, leɓe shuɗi. Ya ajiye totuwar a kan teburina. An ɗaura mata guntuwar darma, irin wadda suke ɗaurawa a ƙugu.

"Ga 'yarki, Kaka. Ta nutse."

Ya ce duk kejin ya shiga, tun safe, daga na farko har na ƙarshe, ya sake zagayowa. Bai rataye a igiya ba ko sau ɗaya. Gindin raga fes, ko ƙaya ba a bari ba. Na ce, "Ka gani? Ashe ana iyawa. Da can lalaci ne." Na zuba masa shayi. Ya zauna a kujerar Baldomero yana ta sosa kafaɗa. Na ce ko ƙwarƙwatar kifi ce ta bi shi gida. Ya yi dariya kaɗan.

Can ya ce ƙafarsa tana yi masa kamar tururuwa na tafiya a ciki. Na ce ƙafar da ba ta saba aiki ba ce. Ya dafa tebur zai tashi, ya koma. Ya sake, ya koma. Na ce, "Daina wasan kwaikwayo, shayina ba giya ba ne." Sai na ga ƙasan kujera ya jiƙe, shi kuma bai sani ba. Yana kallona yana murmushin nan na gefe ɗaya, bai sani ba.

Na san wannan jiƙewar. A kujerar nan na santa.

Na fita ina kiran Ercilia ta kira Yasna, ta kira Froilán. Froilán ya iso a guje, ya ga ƙaninsa, ya kama kansa da hannu biyu. Yasna ta ce a kawo jirgin kamfani mai gudu, a kai shi asibitin babban gari inda ake sa masu nutso a tukunyar ƙarfe mai matsin iska don kumfar jini ta kwanta. Froilán ya ce an wanke jirgin, yana can ƙetare yana jiran baƙi. Ta ce to a kira shi ya dawo. Ya ce in jirgin kamfani ya kai shi, ya zama hatsarin aiki ke nan, a jajibirin dubawa.

Jirgin Don Arcadio aka ɗauka, mai tafiya kamar jana'iza. A kan buhunan da suka yi warin ƙumba aka kwantar da shi.

A bakin gaɓa Froilán ya ja ni gefe. "Kaka, in an tambaya, ƙumba ya je ɗebo miki na kuranto. Bayan an tashi daga aiki. Kin ji? Zan kula da shi, na rantse, komai zan yi. Amma ki ce haka."

Yasna ta ji. Ba ta yi masa magana ba, ni ta kalla. Ta shiga jirgi.

Dankalin ya yi baƙi a turmi, sai na sake wani.

Juma'a, 22 ga Fabrairu

Kuranto ya yi kyau. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Da aka ɗaga ganye tururi ya tashi, baƙi suka yi ta ɗaukar hoto.

Babbarsu wata doguwar mace ce mai farin gashi, da tafintanta ɗan birni. Ta san aikinta, ba laifi. Da safe sun ƙirga ƙwarƙwata a jikin kifi, sun ɗebo laka daga ƙasan teku sun shinshina, sun tambayi tsuntsu nawa ya maƙale a raga bana, karen teku nawa ya mutu. Tafinta ya ce ta yaba da tsaftar keji ƙwarai, ba ta taɓa ganin gindin raga haka ba a wannan zafi.

Ta zauna kusa da ni ta ce, yaya zaman mutanen gari da gona? Akwai ƙorafi? Froilán yana tsaye bayanta, riƙe da faranti. Na ce ƙorafina ɗaya, kifin ya fi jikokina samun likita. Tafinta ya fassara, aka yi dariya, ta rubuta wani abu. Ta ce ta ji an ce mai nutsonsu ba shi da lafiya. Na ce e, ƙumban da take ci ya je ɗebowa. Ta ajiye wanda ke hannunta, ta ce ayya, ta yi min sannu.

Sai na ba su kacici-kacicina. Tafinta ya sha wuya kafin ya juya shi. Wani ya ce kifi. Wani ya ce waya mai caji. Doguwar ta daɗe tana tunani, ta ce ta ba ni gari. Na ce garinta ya yi min sanyi, ta riƙe abinta. Ban faɗa musu ba.

Ba wanda ya taɓa cewa Clorinda ta bar baƙo bai yi dariya ba.

Asabar, 23 ga Fabrairu

Sun sa shi a tukunyar. Likita ya ce an makara da kawo shi.

Talata, 26 ga Fabrairu

A shago na ji ana cewa tsohuwa ta tura jikanta ruwa don kwaɗayin ƙumba. Da na shiga aka yi tsit. Ƙarya ce, ban aike shi ɗebo ƙumba ba. Na buɗe baki in faɗa, sai na tuna ni na fara faɗar ta. Na sayi gishiri na fito. Ina da gishiri a gida.

Juma'a, 1 ga Maris

Na hau jirgi na je asibiti. Yasna ta tare ƙofar ɗaki.

"Doña Clorinda, barci yake."

Ina jin muryarsa a ciki yana tambayar wa ya zo. Ta ce masa mai shara ce. Na ba ta milkao, ta karɓa ta ajiye a kan kujerar waje. Da na juyo daga ƙarshen baranda yana nan a ajiye.

Yarinyar ta iya baƙar magana. Da a wani lokaci ne da na yaba.

Lahadi, 10 ga Maris

Froilán kaɗai ya zo. Ya ci kaɗan. Ya ce tunda ba hatsarin aiki ba ne a takarda, kamfani ba ruwansa, amma shi yana yi daga aljihunsa. An kawo sababbin masu nutso daga wani tsibiri, yara biyu, ba su san komai ba, ko igiyar ba sa kallo. Ya ce suna da ƙwazo.

Na ce, "Ka raɗa musu suna?" Ya ce wannan ai aikina ne. Na kwashe kwanonin tun bai gama ba.

Asabar, 16 ga Maris

Tambari ya fito. An yi biki a gona da kiɗa, an raba huluna masu hoton kifi yana murmushi. An ƙara wa Froilán girma. Ya kawo min hula da ƙaton kifi a akwatin ƙanƙara, da tambarin manne a gefe, shuɗi, mai kyau.

Alade ya ci kifin. Hular ta yi daidai da bakin tulun da kaji ke faɗawa.

Lahadi, 24 ga Maris

An dawo da yaron daga asibiti jiya, a keken guragu. Daga gaɓa zuwa gidansu tudu ne, maza huɗu suka ɗauke shi da keken gaba ɗaya. Na kalla ta taga. Ina da aiki a kan wuta, shi ya sa ban fita ba.

Likita ya ce ƙafar dama wataƙila. Ta hagu bai ce komai ba.

Totuwar tana kan teburina har yanzu da darmarta. Na ɗauka zan jefa a murhu, sai na ga itacen ya isa.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ruwan sama ya fara. Yasna ta samu aiki a masana'antar yanka kifi a ƙetare, tana fita da jirgin safe, don haka ba yadda ta iya, ni ke zama da shi. Ba ta ce in zo ba, mabuɗi kawai ta bari a ƙarƙashin dutse inda kowa ya sani. Ina dafa ganye in gasa masa ƙafafu. Ba don komai ba, ita ba ta iya ba ne, tana yi kamar mai wanke kwano. Hannuna bai manta ba. Daga diddige ake farawa a yi sama, haka Baldomero yake so.

Ba ya magana sosai. Jiya ya ce, "Kaka, kin yi shiru kwana biyu, ko baki ya yi tsatsa?" Na ce haƙori ke damuna.

Yau Ercilia ta leƙo ta taga da faɗin fuskarta. "Ina kwana, Totuwa, yaya jiki?" Ruwan ganyen yana hannuna, da sauran zafinsa. Kaza na hanga a bayanta, ita na watsa wa. Ercilia ta tafi tana ihu wai na haukace, wai ni na raɗa sunan. Na ce ban san wani mai wannan suna a gidan nan ba, in ta sake kawo shi ƙofar nan tafasasshe za ta samu.

Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya lafa ya ce ɗan Ercilia ya ba shi labarin kacici-kacicin da na ɗaure baƙi da shi, har yau ana gardama a jirgi, mece ce amsar? Na ce ya ɗaga ƙafa in sa tawul. Ya ce ba ta ɗaguwa. Na ɗaga masa.

Ban gaya masa ba. A nan zan rubuta, tunda ni na tambaya.

Mai nutso ne. Tiyon iska ne cibiyarsa. Sunansa Eladio.